Daren Da Babur Ya Ƙi Tashi

Ni manomi ne, daga wani ɗan ƙauye a ƙasar Zermu, gabas da birnin Damagaram. Ƙauyen namu bai kai gida 10 ba. Labarin wani tsohon babur zan ba ku. Na san da yawa daga cikinku kuna da irinsa jingine a zaure ko bayan rumbu, kaji suna kwana a kansa.

Babur ɗin Yamaha ne, irin wanda ake ce wa Mate. Na yayana ne, Allah ya jiƙansa. Ya saye shi na hannu a Damagaram cikin 1993, da kuɗin cin rani na shekara 3. Kullum yana cewa ya yi sa'a, don a watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, kayan waje duk suka yi tsada. Da ya rasu, sai na saye shi daga hannun magada, don kada ya bar gida.

Ba wani kyau gare shi ba. Fenti ya koɗe. Kujerar da fatar akuya na lulluɓe ta. Amma ya kai ni kasuwar Mirya ranar Lahadi, ya kai ni kasuwar Damagaram ranar Alhamis, ya ɗauko taki, ya ɗauko baƙi. Bai taɓa kunyata ni ba sai sau ɗaya.

Da ruwa ya sauka a 2022, sai na jingine shi a zaure. Kuɗin mai babu, aikin gona ya yi yawa, hanya kuma duk ta lalace. Na ce sai kaka. Wata 3 da ƴan kwanaki ban taɓa shi ba. Akwai sauran mai kaɗan a tanki, na bar shi a ciki.

Wani dare a farkon watan Oktoba, muna tsakiyar girbin hatsi, ƴata ƙarama ta kwanta da zazzaɓi. Shekararta 4. Muka ce zuwa safe ma gani. Wajen ƙarfe 1 na dare sai na ji uwarta tana kira: "Malam! Malam, tashi!" Na haska tocila. Yarinya tana fizge-fizge, idanu sun juye, jiki kamar garwashi.

Na ruga zaure, na fito da babur. Na murɗa makulli, na buga kik. Shiru. Na sake bugawa. Shiru. Na buga har ƙafata ta mutu. Ƙanena ya karɓa, shi ma ya buga har ya gaji. Maƙwabta suka fito, muka tura shi daga bakin rijiya zuwa masallaci, muka dawo. Ko tari bai yi ba. Babur ɗaya ne ban da nawa a ƙauyen, mai shi kuwa yana kabu-kabu a Damagaram. Na kira wani ɗan kabu-kabu a Zermu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Wa zai ga laifinsa? Dare ne.

A ƙarshe muka ɗaura wa sa amalanke. Tafiyar da babur yake yi cikin minti 20 ta ci mana awa 2 da rabi. Ban da awa guda da na ɓata ina bugun kik. Uwarta tana rungume da ita, ni ina gaba ina jan sa, ba mai magana.

Da muka isa gidan likita, majo ya duba ta, ya ce masassarar cizon sauro ce mai tsanani. Ya yi mata allura, ya sa mata ƙarin ruwa. Sannan ya dube ni, ya ce, "Me ya sa kuka daɗe haka?" Na rasa abin cewa. Allah ya taimake mu, bayan kwana 3 ta tashi, ta nemi fura. Uwarta ba ta taɓa yi mini maganar babur ba, ko sau ɗaya. Da ta yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Na dawo gida ina jin haushin ƙarfen nan kamar mutum. Ranar kasuwa na ɗora shi a amalanke, na kai wa wani yaro makanike. Ya buga kik sau 2, ya girgiza kai. Ya ce inji ya mutu, sai an buɗe an sa sabon fistan da ringi, kuma kayan irin wannan sai an aika Kano. Ya ce in tanadi jika 25, wataƙila ma ya fi. Wani dillali yana tsaye yana ji. Ya ja ni gefe, ya ce zai ba ni jika 30, ya raba ni da wahala. Wallahi saura kaɗan in karɓa. Abin da ya hana ni, na tuna yayana. Na ce bari in kwana da maganar.

A hanyar komawa na biya ta garin su kawuna in gaishe shi. Kawu ya haura shekara 70. Tun yana saurayi ya tafi Damagaram, zamanin da manyan motoci suke jigilar gyaɗa zuwa Kano. Ya yi karen mota, ya yi yaron gareji, daga baya ya zauna gyaran mobilet da Yamaha. Da ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, sai ya dawo gida. Ya ga babur a amalanke, ya ce, "Ɗana, gawar wa ka ɗauko?"

Na ba shi labari duka. Ya ce, "Yaron nan ya kunce buji?" Na ce a'a. Ya ce, "Ya shinshina tanki?" Na ce a'a, kik kawai ya buga. Kawu ya ce, "To, bai ko dubi harshen majinyaci ba, ya ce a fasa ciki. Sauke moton nan. Yau nan za ka kwana."

Ba na cewa yaron macuci ne. Yaran yanzu a kan baburan Sin suka koyi aiki, irin su Kasea, waɗanda suka cika ƙasa tun bayan shekara ta 2000. Kayansu suna ko'ina, da araha. An saba a cire tsoho a sa sabo. Tsohon Yamaha kuwa sai da haƙuri.

Da safe Kawu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin bedi. Ya fito da wata tsohuwar jakar fata. A ciki akwai sifana 3, da sukudireba, da sifanar buji, da guntun sanfefa. Ya ce, "Ni ba ni da ido, ba ni da hannu. Kai za ka yi, ni in faɗa." Kafin mu fara ya kori mai shan taba daga wurin, ya sa aka matsar da murhun shayi can nesa. Ya ce fetur ba ya jiran harshen wuta ya taɓa shi, tururinsa ma kamawa yake.

Sannan ya ce, "Inji murhu ne. Yana son itace, shi ne mai. Yana son iska. Yana son ashana, ita ce wutar buji. Na huɗu, yana son matsi, wato fistan ya matse mai da iska kafin wuta ta kama. In huɗun nan sun haɗu, dole ya tashi, ko yana so ko ba ya so. Za mu tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Kuma da na banza ake farawa, mai tsada shi ne ƙarshe."

Ya sa na duba makulli, na duba famfon mai ko a buɗe yake. Na ji kamar ya raina ni. Ya ce in bar fushi, ya taɓa ganin babban ma'aikaci ya turo moto tun daga Birni har Zongo, ashe famfon mai ne a rufe.

Na buɗe tanki, ya ce in shinshina. Warin ba na fetur ba ne. Wani wari ne mai tsami, kamar na tsohon fenti. Ya ce, "Ka ji ko? Mai ma yana tsufa. In ya daɗe cikin zafi, mai ƙarfin cikinsa sai ya gudu ya bi iska. Abin da ya rage ba ya son kamawa, kuma yana barin danƙo kamar ƙaro." Na cire tiyon da yake kai mai, na tara farar kwalba. Mai ya zubo a hankali, ja kamar shayi. Muka ajiye kwalbar ta natsa. Can sai na ga wani abu kwance a ƙasa, kamar cokali 2, ya rabu da na sama. Kawu ya ce ruwa ne. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka kullum ƙasa yake sauka. Ƙasan tanki kuwa nan ne inji yake sha. Tankin da ba cike yake ba yana yin gumi daga ciki da damina, kamar yadda raɓa take kwanciya a kan kwano. Wani ruwan kuma tun daga wurin mai sayarwa yake zuwa.

A nan bari in ɗan tsaya. Mu mutanen ƙauye a kwalba muke sayen mai. Shekara da shekaru mun sha wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, wanda ake kira ruwa-ruwa, har zuwa 2023 da Najeriya ta janye tallafin mai, ya yi tsada a can. Tun 2011 kuma akwai matatar Soraz a arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Amma ko daga ina mai ya fito, kafin ya iso ƙauye ya shiga jarka, ya shiga kwalba, ya sha ƙura. Ku ɗaga kwalbar ku duba ta a rana kafin a zuba muku. Ku sa ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari. Mai sayarwa na kirki ba zai ji haushi ba.

Muka juye tankin sarai, muka ɗauraye shi da sabon mai kaɗan, tsatsa ta fito. Kawu ya sa na busa ƴar hudar da take kan murfin tanki. Ya ce in ta toshe, mai ba ya sauka, kamar butar da aka toshe wa baki. Wannan lafiya lau take. Irin wannan inji yana ƙona man inji tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi. Tun zamanin yayana aka cire masa famfon da yake haɗa su, da hannu muke gaurayawa. Kawu ya ce babban cokali 2 a kowace lita, kada in rage don rowa, kada in ƙara don tsoro.

Sai buji, wanda mutanen Kano suke ce wa fulogi. Na kunce shi, na miƙa masa. Ya shafa bakin da yatsa, ya shinshina. Ya ce buji shi ne harshen inji. In bakinsa ya yi kalar ƙasa, kamar soyayyar gyaɗa, inji lafiya yake. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi, wannan shi ne mai haɗari. In ka buga kik da yawa ka same shi a bushe, mai ba ya isowa. Nawa baƙi ƙirin ne, da ɓawon zunguro a kansa. Na kankare, na goge da sanfefa, na wanke da fetur, na bar shi ya bushe. Tsakanin bakin da ɗan ƙarfen da ya lanƙwaso kansa akwai ƴar tazara. Ya ce kada ta wuce milimita 0,6 zuwa 0,7, wato kusan kaurin farcen babban yatsa.

Ya ce in mai da buji cikin hularsa, in kwantar da gindinsa a jikin inji, nesa da ramin da ya fito, kuma nesa da inda mai ya zuba. Ya ce, "Kada ka riƙe da hannu." Ban ji ba. Ƙanen matar Kawu ya buga kik, sai na ji kamar kunama ta harbe ni har kafaɗa. Na yi tsalle, yara suka fashe da dariya. Kawu ya ce, "Madalla, akwai wuta. Ka hutar da ni." Muka sake yi yadda ya kamata, na kare rana da hulata, na ga wuta shuɗiya tana tsalle, tas, tas. Ya ce shuɗiya ita ce mai kyau. Ja ko rawaya mai rauni ce. In babu sam, a gwada wani buji tukuna, sannan a bi waya a duba ko ɓera ya ci, kafin a zargi kwayil.

Yanzu sai abin da nake tsoro, wato matsi. Kawu ya ce in toshe ramin buji da babban yatsa, da ƙarfi. Aka buga kik. Iska ta ture yatsana, fuf! Na sake dannawa, ta sake turewa. Ya ce, "Ta ture ka?" Na ce ta ture ni. Ya ce, "To jika 25 ɗinka ta tsira. Injin da ringinsa ya mutu ba ya ture yatsa. Kik ɗinsa ma sakwaf yake tafiya, kamar ka taka ramin gara."

Jama'a, ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Muka ɗiga sabon fetur kamar rabin ƙaramin cokali cikin ramin, muka ɗaura buji. Na buga. Ya ce tuf, tuf, ya mutu. Wata 3 ban ji muryarsa ba. Kawu ya ce wannan yana nuna wuta da matsi suna nan, mai ne ba ya isowa da kansa. Saura kafireto, inda mai da iska suke gauraya.

Na shimfiɗa farin buhu, na kunce shi a kai. Kawu ya ce duk abin da na cire in jera shi bi da bi daga hagu zuwa dama, in na zo mayarwa in faro daga dama. A ɗan kwanon da yake ƙasa na sami ruwa, da tsatsa, da wani kore-kore mai danƙo. A tsakiya akwai ƴan sukurori 2 na tagulla, kowane da huda kamar ta allura. Ta nan mai yake bi. Na ɗaga babban a rana, haske kaɗan ya wuce. Na ɗaga ƙaramin, babu haske ko kaɗan. Na ɗauko allura zan soka. Kawu ya ji motsina, ya ce, "Ajiye! Tagulla taushi gare ta. In ka faɗaɗa hudar nan, moton zai riƙa shan mai kamar raƙumi har ranar da za ka rabu da shi." Ya aika aka tsinko gashin wutsiyar doki. Muka jiƙa sukurorin cikin fetur, na zura gashin a hankali, na busa da famfon keke har haske ya fito. Soson da yake tace iska kuma ya cika da ƙura, ya yi tauri kamar ƙosan jiya. Na wanke shi, na matse, na shanya, na ɗiga masa man inji kaɗan.

Kafin azahar na mai da komai. Na buɗe famfon mai, na ja cok, na yi bisimilla, na buga. Tuf, tuf, tuf, ya mutu. Na sake. Tuf, tuf, ya mutu. Na kunce buji, ga shi jiƙe da mai. Ga mai, ga iska, ga wuta, ga matsi. Huɗun Kawu sun cika, babur bai tashi ba.

Kawu ya yi shiru. Aka kawo fura, ya sha kaɗan ya ajiye. Mutanen da suka taru suka fara watsewa. Wani ya ce a rataya masa laya, wani ya ce da ma na karɓi jika 30. Ni kaina gwiwata ta yi sanyi. Na fara tunanin ko tsufa ya cinye sanin Kawu.

Bayan mun yi salla sai ya ce in kama hannunsa in kai shi bayan babur. Ya durƙusa da ƙyar, ya lalubo bakin salansa, ya tara tafin hannunsa. Ya ce, "Buga." Na buga. Ya ce, "Sake." Na sake. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi. Ya ce, "Ɗana, ni ne na yi wauta. Na ce maka murhu, na manta hayaƙi. Ba abin da yake fitowa nan. Leƙa ka gani."

Na kwanta a ƙasa, na haska tocila cikin salansa. Jar laka ce, an shafe ta sumul, kamar aikin magina. Zanzaro! Duk damina yana kai da kawowa a zaurena, ina kallonsa, ashe a nan ya yi gini. Ga kuma tsohon zunguro na shekaru da ya riga ya rage hanyar. Shi ya zo ya rufe sauran.

Kawu ya ce irin wannan inji, in hayaƙi bai fita ba, sabon mai ba ya samun wurin shiga. Shi ya sa yake tari sau 2 ya shaƙe. Na kunce salansa, na zaƙulo lakar da waya. Ɗaki-ɗaki ta fito, da matattun tsutsotsi a ciki. Muka kai salansar bayan gari, nesa da rumbuna da dannin kara, muka hura mata wuta har zunguron ya ƙone. Da ta huce muka bubbuga ta da itace, baƙin gari ya zubo kusan cikin tafi 2.

La'asar sakaliya na ɗaura ta. Bugu ɗaya. Ya ɗauka da wata irin kururuwa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe gindin bedi, awaki suka watse, yara suka yi ta ihu. Kawu yana zaune, ya karkata kai yana saurare. Ya sa na murɗa wani ɗan sukuru a gefen kafireto, kaɗan-kaɗan, har muryar ta daidaita. Duk abin da na kashe bai kai jika 2 ba, har da goron da na saya masa.

Masu baburan Sin, kada ku ce wannan ba naku ba ne. Naku ba a gauraya masa man inji da fetur, wurin man inji daban yake, sai ku riƙa duba sandar awonsa. Yana da batir da maɓallin tayarwa. In batir ya mutu, yawancinsu kik yana tada su. Wasu suna da jan maɓalli a hannun dama mai kashe inji, yara suna son wasa da shi. Ban da wannan, tambayoyin duk ɗaya ne. Zanzaro kuma ba ya tambayar ƙasar da aka ƙera babur.

Tun daga ranar, ko da tafiya ko babu, kowace Juma'a da safe ina tada shi, in zaga ƙauye sau 2. In zan ajiye shi, sai in rufe famfon mai, in bar inji ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. Akwai lita guda a rufe cikin jarka a inuwa, nesa da madafa, ina juye ta a tanki kowane wata in sayo sabuwa. Wannan litar ba ta kasuwa ba ce, ba ta biki ba ce, kowa a gidan ya san ta mece ce. Akwai sabon buji da sifanarsa ɗaure cikin tsumma a ƙarƙashin kujera. Bakin salansa kuma ina toshe shi da jan ƙyalle. Cire ƙyallen nan aikin ƴata ne, ba ta yarda kowa ya taɓa. Zazzaɓi kuwa, in ya kama yaro da rana, ba ma sake cewa zuwa safe ma gani.

Na ɗauki jika 5 na kai wa Kawu, ya ƙi karɓa. Ya ce in dai ina son in biya, in zo in kai shi kasuwar Mirya, ya shekara 4 bai je ba. Ranar Lahadi na je na ɗauke shi. Ya sa babbar rigarsa, ya riƙe ni gam. Tun daga ƙofar gidansa har muka hango kukokin Mirya faɗa yake yi mini. Wai ina murɗa mai da yawa, wai ban iya shiga rairayi ba, wai sarƙa ta yi sako-sako, yana jin ta. Da muka sauka na duba. Ta yi sako-sako.